A GWASHI DA TIYA AKE LISSAFI, BA DA NAIRA BA

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Shekaranjiya muna zaune wurin mai shayi a nan Gusau, wani abokina ma'aikaci irina ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu kam sai godiya, abinci ya sauko." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma bai yi ƙarya ba. Ni kaina na ga sauƙin a gidana. Kuɗin da bara nake kai wa mai awo in dawo da ɗan abin da bai cika rabin buhu ba, bana sai na nemi yaro ya kama mini. Na ce masa haka ne, alhamdu lillahi. Amma shayin nan da ƙyar ya wuce mini, domin ban fi kwana huɗu da dawowa daga Gwashi ba, kuma abin da na baro can bai yi kama da sauƙi ba ko kaɗan.

Ga wanda bai sani ba, Gwashi garinmu ne, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, yammacin Zamfara. Anka da Gummi su ne maƙwabtanmu. Mutanenmu manoma ne: gero, dawa, masara, wake, da 'yar shinkafa ga mai fadama. Mahaifiyata tana can, da ƙanena da iyalinsa a gida ɗaya. Ni ne aiki ya fitar.

Daren da na isa, bayan an ci tuwo, na zauna ɗakin Inna muna hira. Ni ɗan fari ne, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Malam" ko "kai wanga". Na tambaye ta yaya cefane. Ni a tunanina za ta ce an samu sauƙi, tunda abin da muke ta faɗi ke nan a birni. Sai ta yi 'yar dariya ta ce:

"Kuna can birni kuna murna hatsi ya yi arha ko? To mu hatsin nan shi na kuɗɗinmu. Bara in na hid da tiya guda anka kai kasuwa, a sawo man manja da gishiri da magi, har yaro shi dawo da canji. Bana sai na hid da biyu, wata rana uku, kuma ba canji."

Wallahi na yi shiru. Shekara nawa ina karatu, ina sauraron masana tattalin arziki a rediyo, amma ban taɓa jin wanda ya warware mini zancen kamar tsohuwar nan da ba ta taɓa shiga aji ba.

Inna ba ta lissafi da naira. Ba ta da albashi, ba ta da asusun banki, ba ta san abin da dala take ciki ba. Bankinta rumbu ne. Duk ranar kasuwa sai a ɗebo kaɗan a sussuke, a auna, a kai, a dawo da abin miya. Sabulu yana da farashinsa a tiya. Takalmin jika yana da nasa. Maganin ciwon ƙafarta, gudummawar biki, kuɗin niƙa, kuɗin laraba na makarantar allo, duka daga rumbun nan suke fita. To ranar da aka ce hatsi ya faɗi warwas, a wurinta daidai yake da a tara ma'aikata a ce daga wannan wata an raba albashinku biyu. Ku faɗa mini tsakani da Allah, da mu aka yi wa haka, kwana nawa za a yi kafin ƙungiyar ƙwadago ta kulle sakatariya? Shi manomi wa zai kulle wa ƙofa?

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a mayar da mu 2024 ba, Allah Ya kiyaye. Na ga abin da tsadar hatsi ta yi wa mutane a shekarar nan, har ta kai matasa suka fito zanga-zanga a farkon watan Agusta. Kuma ko a lokacin, ba ƙaramin manomi ne ya ci ribar tsadar ba. Shi da kaka yake sayarwa, lokacin da bashi ya shaƙe masa wuya, sai damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare ya koma yana awo da tsada wurin wanda ya saya a hannunsa ya ɓoye. Ban da haka, akwai dubban mutanenmu da aka raba da gonakinsu, suna zaune a Anka da Gummi da Gusau a kangwaye da gidajen dangi. Su arhar hatsi rahama ce a gare su, ba mai musun wannan. Abin da ke damuna shi ne, hatsi kaɗai ya sauko. Sauran kayan suna can sama inda aka rataye su, ko alamar waiwayowa ba su yi.

Kowa ya san inda aka faro. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. A watan Yuni na 2023 ɗin aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa naira 460 da wani abu ta je ta wuce 1,500. Mutumin birni yana jin zafin mai ne idan zai zuba a mota ko a janareta. A ƙauye mai yana cikin tuwo. Injin niƙa da shi yake tashi. Ɗan kabu-kabu da shi yake tafiya. Mai cajin waya da shi yake kunna inji. Mai noman rani da shi yake jan ruwa. Kuma ba farashin gidan mai muke saye ba, na 'yan bumburutu ne, a kwalba, bayan kowa ya ɗora nasa. Da asuba na ji ƙarar turmi a gidanmu kamar zamanin ƙuruciyata. Matar ƙanena ce ke daka. Na ce ina injin unguwa? Ta ce, "Yana nan Yaya, sai dai ranar da baƙi sunka zo." Wato ranar da na iso an kai niƙa saboda ni. Kunya ta kama ni.

Sai kuma harajin hanya, wanda ba a rubuta shi a kowace takarda ba. Direban da zai ɗauko kaya zuwa wajenmu ba kuɗin mai kaɗai yake lissafawa ba, har da ransa. Ya san dajin Gando ba nisa, ya san abin da ya samu abokan sana'arsa. Wata rana sai a jira rakiyar jami'an tsaro ko Askarawa, wata rana a ce yau ba a bin hanya. Tafiyar da ake yi sau biyu a yini ta koma sau ɗaya. Duk wannan a kan sandar sabulu yake sauka. Shi ya sa abu ɗaya, na kamfani ɗaya, ya fi tsada a Gwashi a kan kantin da ke bayan gidana a Gusau. Hanyar nan kuma sau biyu take cizon mu: abin da ya shigo ya ƙara kuɗi, abin da zai fita ya rage daraja, domin mai sayen hatsi sai ya cire kuɗin mota da kuɗin fargaba kafin ya yi tayi.

Akwai wani harajin kuma da kowa ya sani a yankinmu, wanda ake karɓa kafin a bar mutum ya shuka ko ya girbe. Ba zan buɗe wannan babin ba, ina da dangi a can. Mai hankali ya gane.

Wani abu da na lura da shi a shagon bakin masallaci: babu mai sayen abu cikakke. Sukari ƙulli, omo ƙulli, man gyaɗa a murfin kwalba, taliya a karya ta biyu. Na tsaya na lissafa a raina, na ga idan ka haɗa ƙulle-ƙullen nan har su cika leda guda, abin da talaka ya biya ya fi abin da ni mai albashi nake biya idan na saya gaba ɗaya a ƙarshen wata. Mai shagon ba azzalumi ba ne, ajinmu ɗaya a firamare. Ya nuna mini littafin bashinsa, ya kusa cika. Ya ce rabin mutanen da ke ciki ba ya iya tambayarsu, don ya san abin da ke cikin gidajensu.

Mu dai an daɗe ana gwada mu. A 2021 gwamnatin Matawalle ta rufe kasuwannin dabbobi, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya a watan Satumba, duk da sunan maganin ɓarayin daji. A farkon 2023 aka zo da canjin kuɗi, mutum da akuyarsa a hannu yana neman mai takardar naira ko nawa ne ya ba shi. Kowane daga cikin waɗannan ya ci wani abu a gidanmu da bai dawo ba. Kafin 2021 Inna tana da tumaki shida. Da na je wannan karon na tarar da turke babu ko ɗaya.

Ta ƙarshen a kan jikarta ta tafi, kuma wannan labarin ne ya fi tsaya mini a rai, don ba a gaya mini ba sai da na zo.

Da damina zazzaɓi ya kama 'yar ƙanena, shekararta uku. Uban ya je kemis. Maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani sau shida ake shan sa, safe da yamma har kwana uku. Kuɗin hannunsa bai kai ba, sai mai kemis ya yanka masa rabin kati, ya haɗa masa da farasitamol. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙauye, kowa haka yake yi. Yarinya ta sha, jiki ya yi sanyi, ta tashi tana wasa, aka ce an warke. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, har ta fara sanƙarewa, idanu suka kafe. Aka ce sai Gummi, can ne likitocin ƙungiyar MSF suke duba yara kyauta. Kuma gaskiya ne, kyauta ne, Allah Ya saka musu da alheri. An yi mata ƙarin jini, ba a karɓi ko kwabo ba. Amma kafin a isa ga kyautar nan fa? Ɗan kabu-kabun da zai yarda ya fita a wannan lokaci sai da aka ninka masa. Daga nan mota. Uwa da uba sun yi mako a can, sai sun ci abinci. Gona tana jiran noma na biyu, ba mai yi. Tunkiyar Inna ce ta biya duk wannan, an sayar da ita cikin gaggawa, mai saye kuwa ya ga gaggawar a fuskar mai sayarwa.

Na ce wa Inna, me ya sa ba a kira ni ba? Ta ce, "Munka ce kai ma kana da naka. Kuma ranan babu sabis." Yarinyar tana nan da ranta, ita ce ma ta kawo mini ruwan alwala. Amma na kasa daina tunanin cewa tsakaninta da kabari ba komai ba ne illa kuɗin rabin katin magani, abin da bai kai kuɗin datar da nake ƙonawa a kwana biyu ina karanta faɗan 'yan siyasa a nan Facebook ba.

Af, tunda na ambaci data: a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100. Tun daga lokacin Inna ba ta kira, sai dai a yi mini filashin in bi baya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon zance.

Bana ni na ranta wa ƙanena kuɗin taki da maganin feshi. Mun yi da shi idan an girbe zai sayar ya mayar mini. Ya yi masara, kuma Allah Ya ba da, gona ta yi kyau. Washegarin zuwana ya ja ni bayan gida, ya nuna mini buhunan, ya ce, "Yaya, ga su nan. Lokacin da nis sawo taki, da kuɗɗin buhun masara na bara nika lissahi. Yanzu ko na kai buhu guda kasuwa ba shi sawo man buhun kamfa. In na biya ka, mi za mu ci? In ban biya ka ba, da wane ido zan dube ka baɗi?"

Na ce ya bar zancen bashi, na yafe. Ya ce ba wannan ne ya kira ni a kai ba. Ya ce baɗi ba zai yi masara ba, zai watsa gero da dawa a gonar kusa da gida don Inna, shi kuma zai bi abokansa wurin haƙar zinari.

Gabana ya faɗi. Duk ɗan Bukkuyum da Anka da ya kai shekaruna ya san me kalmar nan take nufi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankinmu, a 'Yargalma da Tungar Guru, da Dareta da Abare da Bagega, saboda ana kawo dutsen zinari cikin gida ana daka, ana niƙa, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage haramcin a watan Disambar 2024, amma mu mun san ramukan ba su taɓa yin shiru ba, mun kuma san waɗanda ke iko da da yawa daga cikinsu. Rami yana ruftawa da mutane. Wanda ya fito lafiya, wani lokaci ba shi ke da abin da ya haƙo ba.

Duk na faɗa masa wannan, har na ɗaga murya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, zinari dala yaka bi. Taki dala yaka bi. Magani dala yaka bi. Masara ta, wa taka bi?"

Ban da amsa. Har yanzu da nake rubutun nan ban da ita. Yaron bai san cewa a watan Oktoban 2025 farashin zinari a kasuwar duniya ya haura dala 4,000 kan kowane oza ba, amma ya san abokinsa da ya tafi rami ya dawo da sabon babur, shi kuma da ya yi wata biyar yana duƙe a gona ko tunkiyar uwarsa bai iya mayarwa ba.

A watan Yulin 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba tare da haraji ba na kwana 150, don abinci ya sauko. Na fahimci dalilin, mutane suna cikin yunwa. Amma wanda ya danne farashin abin da manomi ke sayarwa, ya bar abin da manomi ke saye yana tashi, to ya sani bai kashe wutar ba, ya dai matsar da ita daga ɗakin ɗan birni zuwa ɗakin ɗan ƙauye. Tuwon da ya yi arha a gidana na Gusau, ƙanena ne ya cika ragowar kuɗin. An cire tallafin mai, manomi ya zama shi ne tallafin. In kuwa irinsa dubu suka yanke shawarar da ya yanke, ina so abokina na wurin mai shayi ya gaya mini wa zai noma arhar da za mu ci baɗi.

Na san akwai masu zuwa da alƙaluma. E, na gani. Hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, aka sauya ma'aunin lissafin a Janairun 2025 ta koma 24 da ɗoriya, yanzu ta yi ƙasa da 20. Madalla. Amma saukar wannan lamba ba ta nufin kaya sun sauko, tana nufin sun rage gudun hawa ne kawai. Wanda ruwa ya kai masa wuya, ka ce masa albishirinka, yanzu a hankali yake ƙaruwa. Haka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024: mutum nawa ne a Gwashi ke karɓar albashi? Malaman firamare, da ma'aikatan asibiti, sai ɗaiɗaiku. Sauran duk 'yan tiya ne irin Inna.

Ni ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne, masu bibiyata sun sani, kuma wanda zai zo ya mayar da wannan zancen na APC da PDP don Allah ya nemi wani shafin. Abin da mutanenmu ke nema ba shi da yawa. A iya bin hanya ba tare da an yi wasiyya ba, wannan kaɗai zai sauke farashin rabin kayan shago. Takin gwamnati, in da gaske akwai shi, ya iso kafin shuka, ba bayan masara ta yi goyo ba, kuma ya iso hannun mai fartanya. Lokacin kaka irin wannan da hatsi ya zube, gwamnati ta fito ta saya da daraja ta zuba a rumbunanta, ta fitar da shi tsakiyar damina. Ba sabuwar dabara ba ce, tun zamanin Annabi Yusuf aka san ta. Sannan a ce akwai cikakken maganin zazzaɓi a asibitin gari, kada uba ya sake tsayawa gaban kemis yana cewa a yanka masa rabi.

Ranar da zan taho, Inna ta sa an ɗaura mini rabin buhun masara a bayan babur, da ƙullin kuka da daddawa. Na ce Inna ku bar shi, ku kuka fi buƙata, a Gusau ma yanzu da sauƙi. Ta ce, "Ɗauka dai. Ko an kai ta kasuwa wulaƙanta ta za a yi. Gara jikokina su ci." A tasha yaron mota ya caje ni kuɗin kaya, na lissafa na ga ya kusa cinye tiya biyar daga ciki. Na biya ban ce komai ba.

Ƙanena ya rako ni har bakin gari. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Mun rabu a kan cewa ba zai tafi rami ba sai ya ji daga gare ni, amma ya ce iyakarsa ruwan farko. In kafin nan na samo masa buhu biyu na taki, ba bashi ba, zai sake gwada masara shekara ɗaya. In ban samu ba, kada in ga laifinsa.

Na shiga adashe a wurin aiki, kwasata sai watan Afrilu. Jiya da daddare na ga filashin ɗinsa sau biyu, na bi baya, layin bai shiga ba.